Kwana biyu a Wadi Rum cikin sanyin Janairu

Bayan rasuwar mahaifiyata zaman cikin mutane ya gagare ni, ko sallah nake yi hankalina na wani waje. Aiki ya ajiye ni a Amman, sai na kama tanti na kwana biyu a wani sansanin Larabawan ƙauye da ke Wadi Rum, kudancin Jodan, kimanin kilomita 60 daga Aƙaba.

Da a-kori-kura suka ɗauko ni daga bakin gari. Yashin ja ne wur, duwatsun kuma sun miƙe tsaye kamar katanga. Ban yi mamaki ba da UNESCO ta sanya wurin cikin kayan tarihin duniya a 2011. Direban ya kai ni tsagin dutsen Khazali, inda mutanen zamanin dā suka zana tafin ƙafa da dabbobi da rubutu a jikin dutse. Na daɗe a tsaye ina tunanin ina masu hannun nan suke yau.

Abin da ya biya min kuɗina shi ne magariba. Direban ya kashe mota ba tare da na roƙa ba, ya ce, "Ɗan'uwa, kai za ka ja mu." Muka yi sallah a kan yashi mu biyu. Da muka sallame, babu kukan tsuntsu, babu motsin komai, har numfashina nake ji. A nan ne na yi wa mahaifiyata addu'a da hawaye, karon farko tun ranar jana'iza.

Abinci ba laifi: zarb, wato nama da kayan lambu da aka gasa a rami cikin yashi, sai shayi mai zaƙi a bakin wuta.

Sai dai sanyin dare ya wuce duk hunturun da na sani. Sun ce akwai na'urar ɗumama tanti, amma ta ƙi tashi, barguna uku na lulluɓa. Ruwan alwalar asuba kamar ƙanƙara, kuma babu wanda ya yi tunanin ɗumamawa sai da na yi magana. Janareta ma ya yi ta ruri har wajen sha ɗaya, wannan ya ɓata min rai, don shirun na zo nema.

Wanda zai je ya nemi sansanin da ke can ciki, nesa da gari, ya tambaya ko da hasken rana suke aiki. Ya riƙe safa mai kauri da hular sanyi. Ni dai zan koma, in Allah ya kai mu wani Janairun.