Cibiyar nazarin bayanai da ta ƙi ƙawata mini awo tara

Tun watan Nuwamba nake auna hasken tauraron Delta Cephei da ƙaramar kyamara a bayan gari, ta wajen hanyar Dutsin-Ma, amma hazon hunturu ya lulluɓe sararin Katsina har na tashi da awo tara kacal. Wannan tauraro, wanda John Goodricke ya gano sauyawar haskensa a 1784, yakan haskaka da sauri sannan ya dushe sannu a hankali, yana kammala zagaye cikin kwana 5.37. Na kai awon wata cibiyar nazarin bayanai a cikin gari domin a fitar mini da zanen hawa da saukar hasken.

Jerin Fourier mai hawa uku na nema, wato lissafin da ke haɗa lanƙwasassun layuka uku, kowanne ana kiransa hawa, domin su ba da zanen hasken. Malamin da ke kula da aikin ya juya bayan rasit ya ƙirga da biro abubuwan da lissafin zai nema: matsakaicin haske ɗaya, bibbiyu a kowane hawa, sai tsawon zagaye, takwas ke nan. Ya ce, "Malam, idan aka nemi abu takwas daga awo tara, layin zai ratsa kusan kowane ɗigo, har da kuskuren kyamararka, kuma ba tauraron yake bayyanawa ba." Da ya gwada hanyar Lomb-Scargle, wadda ake gano tsawon zagaye da ita daga awo, sai ga tsawon zagaye iri-iri suna gogayya a allon kwamfuta, saboda kullum bayan sallar isha nake awo, kuma irin wannan tazarar ta kwana guda tana haifar da zagayen ƙarya.

Abin da ya yi daga nan shi ya sa nake yaba wurin. Ya tsayar da zagayen a kan 5.37 da aka riga aka sani, ya rage hawan zuwa biyu, abubuwan nema suka koma biyar. Sannan ya riƙa cire ɗigo ɗaya yana sake lissafi, na ga da idona yadda ƙololuwar hasken ke gusawa da zarar an cire awo ɗaya tilo da nake da shi na lokacin haskakawa. Ya ba ni shawarar kwatanta nawa da taskar ƙungiyar AAVSO ta masu lura da taurari masu sauya haske, wadda aka kafa a 1911, ba tare da cakuɗa su ba, tunda kayan awon sun bambanta.

Ƙorafina shi ne an yi mini alkawarin kwana uku, sai da aka yi mako, kuma rubutaccen rahoton bai kai rabin bayanin da aka yi mini da baki ba. Duk da haka zan koma da zarar hazo ya lafa na ƙara awon daren da tauraron ke haskakawa.