Bidiyon 'yan alté: hoto mai dishi-dishi da ya fi kwanta mini a rai

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki ce a Legas, daga Agege zuwa Idi Araba har Mile 12, duk inda Hausawanmu ke ɗaurin aure ko suna. Saboda haka in na buɗe YouTube ina kallon bidiyon waƙa, kunne yana bin kiɗa, ido kuwa yana kan aikin mai kyamara. Da wannan idon nake cewa a duk abin da mawaƙan Legas ke fitarwa, bidiyon matasan nan da ake kira 'yan alté ne suka fi burge ni.

Ga wanda bai san su ba, matasa ne da suka ƙi bin layin da manyan mawaƙan Afrobeats suka shata, a kiɗa da sutura da hoto. Ƙungiyar DRB LasGidi, wato su Teezee da BOJ da Fresh L, na cikin waɗanda suka share hanya, sannan wajen 2018 su Santi da Odunsi da Lady Donli suka fito da abin fili.

Gwanina a cikinsu Santi ne, wanda yanzu ake kira Cruel Santino, don shi da kansa yake ba da umarni a bidiyonsa da dama. Ku nemi "Freaky" na 2018 da "Raw Dinner" na 2019. Da gangan ya koma salon tsofaffin finafinan tsoro na Nollywood, irin waɗanda aka riƙa sayarwa a kaset a kasuwannin Idumota da Alaba tun bayan fitowar fim ɗin Living in Bondage a 1992. Launi ya ɗan koɗe, duhu ya yi yawa, kwalliyar fuska ta wuce misali. Duk wanda ya tashi a gidan haya a Agege, yara sun cika ɗaki ɗaya ana kallon kaset a talabijin mai ƙusumbi, ana rufe ido in matsafi ya fito, zai gane inda aka dosa tun kafin a yi nisa. Ni dai tsigar jikina ta tashi, kuma daɗin tunawa ne ya tashe ta fiye da tsoro.

Wani abokin aikina yana cewa ai wannan rashin kuɗi ne aka yi wa ado. Ban yarda ba ko kaɗan. Mu da muke zama gaban kwamfuta muna tace hoto mun san wahalar da ke cikin ɓata hoto yadda zai yi kyau. Ka rage haske kaɗan, fuskar baƙin mutum ta nutse cikin duhu. Ka ƙara ja kaɗan, fata ta koma kamar an shafa mata manja. Su kuwa suna tsayawa daidai kan gaɓa, hoton ya tsufa amma fuska tana nan da ranta. Uwar amarya kan ce mini, "Ɗana, a fito mini da 'yata fes, ban son duhu," kuma gaskiyarta ne, biki ai na haske ne. Amma na koyi amfani da inuwa daga waɗannan yaran, har na fara barin fitilar rumfa ta yi aikinta a wajen kamu maimakon in haske ko'ina da tawa.

Lady Donli kuma wata hanya ta bi. Kundin waƙoƙinta Enjoy Your Life na 2019 ya jingina da kiɗan highlife na da, hotunanta ma haka: tufafin zamanin iyayenmu, launuka masu ɗumi, mutane suna rawa ba tare da an jera motocin haya a bayansu ba. Irin nata ne nake iya kunnawa a shago ko da dattijo ya shigo karɓar hotunansa.

Inda nake da ƙorafi biyu ne. Hayaƙin taba da kwalabe sun yi yawa a wasu bidiyon, har ba na sakin jiki in kalla kusa da ƙannena. Na biyun ya fi ci mini rai. Legas ɗin da suke nunawa yawanci ta tsallaken gada ce, ta unguwannin masu kuɗi irin su Lekki da Ikoyi. Ina Mile 12 da asuba, lokacin da manyan motoci ke sauke kwandunan tumatir daga Arewa? Ina masu suya da fitilarsu a bakin layin dogo na Agege? Mai neman hoto na daban ba zai samu inda ya fi nan ba, amma ba kasafai kyamararsu ke hawowa wajenmu ba.

In za ku gwada, ku fara da na Lady Donli, ku bar na Santi sai dare. Kada ku rage ingancin hoto don tattalin data, domin dishi-dishin da aka yi da gangan yana cakuɗewa da na raunin intanet, sai aikin ya lalace. Ku sa abin saurare a kunne, lasifikar waya tana cinye rabin kiɗan.