Sefaria da Hukuncin Addu'ar Abinci a Shari'ar Yahudawa: Inda Ta Yi, Inda Ta Gaza

Sefaria manhaja ce ta kyauta da ta tara littattafan addinin Yahudawa, Ibrananci a gefe guda, fassarar Turanci a ɗaya gefen. Ga mai son sanin asalin addu'o'in da Bayahude ke yi kafin cin abinci da bayansa, da wuya a sami abin da ya kai ta. Amma wanda ke riƙe da loma yana neman amsa nan take, za ta ɓata masa lokaci.

A fara da Mishna, tsohon kundin dokokin Yahudawa, sashen Berakhot mai magana kan addu'o'i, babi na 6. Daga nan da bayanin Talmud (littafin mahawarar malamai kan Mishna) a kansa aka fitar da addu'o'i shida na kafin ci: Hamotzi ga burodi, Mezonot ga sauran abincin alkama, sha'ir da danginsu, Hagafen ga ruwan inabi, Ha'etz ga 'ya'yan itace, Ha'adama ga abin da ƙasa ta tsirar, sai Shehakol ga nama, kifi, ƙwai, madara da ruwa. Da ka taɓa layi ɗaya, sai sharhin malamai da mahawarar Talmud su bayyana a gefe, har a kai ka Shulhan Arukh, kundin hukunce-hukunce na malami Yosef Karo, wanda aka buga a birnin Benis na Italiya a 1565. Wannan haɗin shi ne ƙarfin manhajar, domin dalilin hukunci yana biye da hukuncin.

Dubi ayaba. Ido zai ce itace ce, amma a Shulhan Arukh, sashen Orah Hayim, babi na 203, addu'arta Ha'adama ce, saboda gangar jikinta ba ta ɗorewa ta sake haihuwa shekara bayan shekara. Naman kaza kuwa, wato laimar kwaɗi, Shehakol ne, tunda malaman sun ce ba daga ƙasa yake shan abincinsa ba. Shinkafa ta fi rikita sabon shiga: Mezonot a farko, amma a ƙarshe gajeriyar addu'ar Bore Nefashot ake yi, ba Al Hamihya da ake yi bayan abincin alkama da danginta ba. Ruwa ma sai mai jin ƙishi ke yi masa addu'a. Wanda ya kurɓa don ya haɗiye abin da ya maƙale masa a wuya ba ya yi. Mishna ta kuma faɗi abin da kuskure ke jawowa: wanda ya yi Ha'adama a kan ɗan itace ya sauke wajibi, wanda ya yi Ha'etz a kan kayan lambu bai sauke ba, Shehakol kuma tana wadatarwa ga komai idan an riga an faɗe ta.

Matsalar tana wajen awo. Addu'ar bayan ci ba ta wajaba sai an ci gwargwadon kezayit, wato girman zaitun, cikin ɗan lokacin da da yawa ke ƙiyastawa da minti 4. A abin sha kuma ma'aunin da ake kira revi'it ne. Tsoffin nassoshin da zaitun da ƙwai suke awo, ba da mililita ba. Sai mutum ya nemo a wani wuri cewa malami Hayim Na'e ya ƙiyasta revi'it da mililita 86, malamin da ake kira Hazon Ish kuma kusan 150. Tazarar ba ƙarama ba ce, kuma manhajar ba za ta zaɓar maka ba.

Haka ma saɓanin al'umma. Burodin matza marar yisti, idan ba lokacin idin Pesah ba ne, Ashkenazawa (Yahudawan tsakiya da gabashin Turai) Hamotzi suke yi masa, yawancin Sefardawa (masu asali daga Andalus) kuma Mezonot. Wanda bai san cewa ƙarin bayanin malami Moshe Isserles da ke cikin Shulhan Arukh al'adar Ashkenazawa yake kawowa ba, zai cakuɗa hukunci biyu ya ɗauka ɗaya ne. Ga shi wasu sharhohin har yanzu Ibrananci ne zalla, ba fassara.

Abincin masana'anta na zamani, irin wanda aka haɗa gari da sukari da 'ya'yan itace a leda ɗaya, ba za ka same shi da sunansa a waɗannan nassoshin ba. Ƙa'idar kawai za ka samu: addu'ar babban sashe tana ɗauke ta ƙaramin, sai dai garin alkama da aka sa don ɗanɗano ko ƙoshi yakan rinjaya ko da bai kai sauran yawa ba. Ɗora wannan a kan kayan da ke hannu aikin rabbai ne, wato malamin Yahudawa, shi za a tambaya.