Garkuwar ƙarfe a bayan kan tirela: yadda na same ta

Rodi da fayif nake ɗauka daga Legas zuwa Arewa, a motar DAF mai jan buɗaɗɗen bodi mai tsawon ƙafa 40. Duk wanda ya taɓa ɗaukar wannan kaya ya san tsoronsa. Rodi tsawonsa mita 12 ne, kusan daidai da bodin, ga santsi. Ka taka birki da ƙarfi, mota ta tsaya, shi kuwa bai san zance ba. Tsakaninsa da bayan direba babu komai sai siririn ƙarfen kan mota da katifar da yaron mota ke kwana a kai. Shi ya sa na yi ta bin Alhaji mai motar har ya yarda a sa mana garkuwa a bayan kai.

Akwai ta alminiyam da ake shigowa da ita daga waje. Ba ta da nauyi, don nauyin alminiyam wajen kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin ƙarfe, kuma ba ta tsatsa. Da Alhaji ya ji kuɗinta sai ya ce, "Malam, wannan ai kuɗin taya ne." Muka koma kan ƙarfe. A kasuwar Owode Onirin muka sayo, muka kai wa wani mai walda a wajajen Ijora.

Ƙirar dai ba laifi, hannunsa na da kyau. Wajen ɗaurawa ne muka yi ja-in-ja. Shi so yake ya liƙa ta da walda a jikin shasi, wato dogayen ƙarafan da motar ke zaune a kansu, ya ce haka yake wa kowa. Makanikinmu ya ce sam. Ƙarfen shasi gasasshe ne tun daga kamfani, in wutar walda ta taɓa shi yana raunana, kuma daga nan tsagewa ke farawa, musamman a hanya mai ramuka. Haka ma huda leɓen shasi na sama ko na ƙasa. A ƙasa aka gama duk waldar, sannan aka ɗaga ta aka kama da manyan kusoshi da noti a ramukan da ke gefen shasin tun asali.

Sai maganar tazara, wadda ita ce mutane ke raina wa. Kan DAF kifa shi ake yi gaba in za a duba inji, kuma yana lilo a kan hanya, don haka garkuwar ba ta taɓa shi ko kaɗan. Ta baya kuma, in ka sha kwana mai tsanani, kusurwar bodi tana matsowa kusa da kan motar. Mun haɗa bodin, na karya kan motar dama da hagu a hankali, makaniki na tsaye yana kallo, kafin a ƙarasa ɗaure notin. Tiyon iskar birki, ja da rawaya, da wayar wuta, an yi musu maƙali a jikinta don kada su riƙa gogar ƙarfe.

Ta yi mini rana a doguwar gadar nan ta bayan Berger, a mafitar Legas, lokacin da wata danfo, ƙaramar bas ta haya, ta faɗo gabana don ɗaukar fasinja. Ɗauri ɗaya na fayif ya zame ya doki garkuwar, ƙarar kamar an buga ganga. Ta lotsa a tsakiya, kan mota ko ƙwarzane. Amma gudu kaɗan nake yi, kuma sarƙoƙi sun riƙe sauran kayan. Ban yarda akwai garkuwar da za ta tare lodin rodi gaba ɗaya a babban gudu ba, don haka ɗaurin da nake yi da, shi nake yi yanzu.

Wani amfanin da na ji daɗinsa shi ne wurin rataye sarƙa da bel, da fitilar da muka sa a samanta saboda lodin dare. Sai dai a saya mata kwaɗo. A layin shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa ko Tin Can, sarƙar da ba a kulle ba ta zama ta jama'a.

Aibinta biyu. Nauyi ne ƙari a kan mota, sannan iskar Legas mai gishiri ba ta raga wa ƙarfe: damina ɗaya, tsatsa ta fito a bakin walda, sai da aka kankare aka sake fenti. Masu jan kwantena kuwa ban ga abin da za ta ƙara musu sosai ba, su matsalarsu makullan da ke kama kwantenar ne a kusurwoyi huɗu.

Notin yakan saki a farkon amfani, kana ji tana ƙwaram-ƙwaram a bayanka. Yanzu duk tashi daga Legas, in na tsaya a Ogere, kan hanyar Ibadan, duba sarƙa, sai yarona ya bi su da sifana.