Tayil mai salon ƙashin kifi a falona: abin da na gani bayan an shimfiɗa

Da za a tambaye ni ko zan sake sa tayil mai salon ƙashin kifi, zan ce e, amma a falo da doguwar baranda kawai, kuma sai na ga aikin mai tayil ɗin da idona kafin in sayi ko kwali ɗaya. Nawa ya ga damina ya ga hunturu, don haka ina da bakin magana.

Salon dai shi ne a ɗauki dogayen tayil masu kama da katako, a riƙa jingina kan ɗaya da gefen ɗaya suna yin kwana, har layin ya fito yana lanƙwasa kamar saƙar tabarma. Wasu masu aikin suna ce masa zigzag. Ba sabon abu ba ne. Tun zamanin Rumawa ake jera bulo haka, kuma shi ne dai jeren da ake yi wa intalokin a tsakar gida don kada tayar mota ta ture shi. Akwai ɗan'uwansa da ake yanke kan kowane tayil a karkace don su haɗu su yi tsini kamar kibiya. Wannan daban ne, ya fi tsada, kuma a hoton waya suna ruɗar mutum, sai a kula a san wanne ake nuna wa mai aiki.

A kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa da ke Kano na yi sayayya. Na zaɓi mai faɗin santimita 15 da tsawon 60, launin katako, marar sheƙi. Mai shagon ya so ya tura ni kan mai 20 da 120, wai shi ake yayi. Gaskiya ya fi ɗaukar ido, sai dai tayil in ya yi tsawo yakan ɗan gantsare a tsakiya tun daga wutar gashi, kuma a wannan salon kan tayil yana cin karo ne da gefen wani, ko yaya aka samu gantsarewa sai ƙafa ta ji tudu. Gwajin ba wuya: a ciro biyu daga kwali, a haɗa su fuska da fuska, a duba ko haske na ratsawa tsakani ko suna rawa. A kuma duba lambar launi da ke jikin kwali, duka su zama iri ɗaya, domin gashi daban launi daban, ko da kamfani ɗaya ne.

Lissafin ne ya fara buɗe min ido. Falon mita 5 ne da 6, wato murabba'in mita 30. Da manyan tayil na 60 da 60 na sa, guda 84 sun rufe shi. Da wannan kuwa sai an jera sama da 330, kowanne da hannu, kowanne sai an daidaita kwanarsa. Shi ya sa da mai tayil ya faɗi kuɗin aikinsa a kan kowace mita, wanda ya ɗara na shimfiɗar yau da kullum nesa ba kusa ba, ban tsawaita ciniki ba. Ga kuma asarar yanka. A shimfiɗa miƙaƙƙiya ana ƙara kashi 10 cikin 100, a nan kuwa 15 zuwa 20, saboda duk inda jeren ya taɓa bango sai an yanke ƙaramin alwatika. Ni murabba'in mita 35 na saya maimakon 30, abin da ya rage bai kai kwali biyu ba.

Inda aikin yake shi ne daɓen ƙasa, kuma nan mai tayil ɗina ya burge ni. Bai taɓa kwali ba sai da ya bi ɗakin da dogon ƙarfe miƙaƙƙe yana neman tudu da kwari. Ƙa'idar dogon tayil ita ce kada bambancin ya wuce milimita 3 a tsawon mita 3, namu kuwa ya wuce, musamman wajen taga. Ya ce, "Alhaji, in na ɗora a kan wannan, kai za ka zage ni nan da wata shida." Aka sake daɓe, aka jira ya bushe. Raina ya sosu da ƙarin siminti da yashin, amma ban ga yadda zan musa masa ba.

Daga nan ya ja igiya ta tsakiyar ɗakin, daga ƙofar shiga zuwa bangon da ke fuskantarta, ya jera layi biyu a bushe ba gam, ya kira ni in tsaya a bakin ƙofa in gani. Wannan matakin kada kowa ya yarda a tsallake shi. Layin farko shi ke jan sauran, in ya kauce da milimita ɗaya, kafin a kai bango ya zama gibin da ido ke gani. A nan ne kuma ake yanke shawarar inda tsinin zai dosa. Mu mun sa ya bi tsawon ɗakin, sai falon ya ƙara zurfi a ido.

Gam ɗin tayil ya yi amfani da shi, ba kwaɓin siminti da yashi da aka saba ba. Dalilinsa mai ƙarfi ne: tayil irin nawa, wanda ake ce wa fosilin, kusan ba ya shan ruwa, ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin 100, don haka jiƙa shi a baho da ake yi wa na gargajiya ba ya amfana masa komai, siminti zalla kuma ba ya kama bayansa sosai. Yana shafa gam a ƙasa da cokali mai haƙora, ya kuma shafa siriri a bayan tayil ɗin, sannan ya sa ƴan robobin nan masu matse tayil biyu su zauna daidai. Ya bar ɗan fili a gindin bango ko'ina, sikatin, wato siririn tayil ɗin da ake bin gindin bango da shi, ya rufe shi. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, tayil ɗin da aka matse da bango shi ne wanda wata rana za a ji ya yi ƙara ya tashi.

Ba komai ne ya yi min daɗi ba. Layukan tsakani sun yi yawa, kuma ƙurar hunturu ta san hanyarsu. Allah ya taimake ni abin cike tsagar mai ruwan ƙasa na zaɓa, kusa da launin tayil ɗin. Wani maƙwabcina farin siminti aka zuba masa, yanzu layukan sun yi duhu wajen ƙofa sun bar na ƙarƙashin kujera fari tas. Akwai kuma wuri ɗaya kusa da ƙofar kicin da gefen tayil ya ɗan ɗago, tsintsiya na tsayawa a wurin. Sabon daɓen ya ɗaga ƙasa har sai da kafinta ya rage gindin ƙofofi biyu. Santsi kam babu, ko yara sun shigo da jiƙaƙƙiyar ƙafa daga alwala.

Uwargida ta so a yi irinsa a ɗakin kwana, na hana. Gado da durowa da madubi za su cinye fiye da rabin ƙasan, ragowar kuma darduma ta rufe. Haka ma wanda ya san zai malala kafet bango zuwa bango a falonsa, kamar yadda gidajenmu da yawa ke yi, ya sa manyan tayil na 60 da 60, rarar kuɗin ya kai ta wajen fenti ko silin.