Rediyon kati na jika bakwai da nake yin Lahadi da shi

Wata biyar ke nan da na sayi wani ƙaramin rediyo a Kasuwar Dole, irin mai cin katin memori, mai faifan sola a baya da tocila a gefe. Mai shagon ya ce jika tara, wato sefa dubu tara, muka yi ta ciniki har ya sallama a jika bakwai. "Mama, ko wuta ta yi kwana uku ba ta zo ba, wannan ba zai ba ki kunya ba," in ji shi. A kwana ukun kam ya ƙara gishiri. In ya kwana a caji yana kai ni tun safe har magariba, muddin ban kunna tocilar ba, don ita ce mai shanye batir. Solar kuma sai haƙuri: ƙura ke rufe faifan, sai na yi ta goge shi da bakin zane.

Ba don labarai na saye shi ba, ko da yake yana kama tashoshin FM na gari tas. Ni 'yar Katolika ce, a nan Damagaram aka yi mini baftisma, kuma yau wata shida rabona da Misar Lahadi, babbar sujadarmu a majami'a. Jikana ne ya zuba mini waƙoƙin sujada na Hausa da karatun Bishara a kati, ya ce in rage kewa.

Ban yi faɗa da kowa ba. Zama a Misar ne ya yi mini nauyi. Tun daga shiga har sallama Faransanci ne, Bisharar kaɗai ake taƙaita mana da Hausa, da sauri, kamar ana biyan bashi. Ban ga laifin 'yan'uwanmu na Benin da Togo da Burkina ba, su ne masu yawa, kuma da su majami'ar ke tsaye. Amma tun 1963 Majalisar Vatikan ta Biyu, babban taron shugabannin Katolika na duniya, ta buɗe ƙofa a yi sujada da harshen jama'a, a garin nan kuwa har mai tallan goro da Hausa yake kira. Ga fiyano na lantarki da aka haɗa da amsa-kuwwa biyu. In mawaƙa suka ɗauka, ba na jin muryata balle ta wadda ke kusa da ni. Waƙoƙin ma kullum sababbi, kafin mu koya an canza. Sai mu yi shiru muna kallo kamar baƙi a gidan biki. Bayan Jibin Ubangiji, wato karɓar gurasa mai tsarki, lokacin da mutum ke son ya sunkuyar da kai, sai sanarwar gudummawa ta biyo baya.

Abin da ke ci mini rai shi ne na san yadda muke a da. Bayan 16 ga Janairu 2015, ranar da aka ƙone majami'u a garin nan, mun yi addu'a babu fiyano, babu amsa-kuwwa, tufafinmu na warin hayaƙi. Wata tsohuwa ta ɗauko waƙa da muryarta mai rawa, kowa ya amsa, har waɗanda ba su jin Hausa sosai. Ban taɓa jin cewa nan ne gidana ba kamar a lokacin.

To, rediyon. Sautinsa ya fi girmansa, murya na fita sarai, ba ya ƙara sai an kai shi ƙarshe. Ran Lahadi da hantsi nakan shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogon yaro, in ajiye shi a kan turmi, in bi waƙar da baki, carbina a hannu. Aibinsa biyu ne. Ba shi da allo, saboda haka in ina neman waƙa ɗaya sai na danna har yatsa ya gaji. Kuma duk kunnawa sai wata murya ta yi ihu da Turanci kafin komai, ba a iya rage ta, da asuba tana tada yara. Katin ma daban ake saye, ku sa wannan a lissafi. Duk da haka kuɗina bai faɗi ba. Hajiya maƙwabciyata ta ji shi ta katanga, ta aika ɗanta ya sayo mata irinsa don karatun Alƙur'ani.

Sai dai rabona da karɓar jibi tun Ista, kuma babu wanda ke miƙo mini hannu a tsakar gida ya ce salamar Kristi. Wannan yana damuna ƙwarai.

Makon jiya katikis, malamin addini mai taimaka wa Fada limamin majami'armu, ya zo gaisuwa. "Mama, lafiya ba mu ganin ki?" Ban ba shi amsa ba, na kunna masa waƙar da tsohuwar nan ta rera a 2015. Ya zauna ya ji har ƙarshe, yana motsa leɓe. Na ce, "Malam, ka gaya wa Fada, waƙa ɗaya irin wannan nake roƙo, a kashe fiyano, da karatu ɗaya cikakke da Hausa." Ya ce zai faɗa. Na riga na gaya wa mai kabu-kabuna ya zo ran Lahadi ƙarfe bakwai.