Digirin haɗa fannoni ko na fanni guda: wanne zai dawo da kuɗin da aka kashe?

Malam, ka yi tambaya a kan ƙaninka da ke shekara ta biyu a wata jami'a a Amurka. Ka ce yana so ya bar kimiyyar kwamfuta ya koma digirin haɗa fannoni, wanda suke rubuta wa Interdisciplinary Studies a takardar shaida, don ya gwama kasuwanci da sadarwa da ɗan abin da ya koya na kwamfuta. Damuwarka ita ce ko dalolin da kuke karo-karo kuna tura masa za su dawo.

Wajen biya dai kusan duk ɗaya ne. Kowanne yana buƙatar kiredit, wato ma'aunin darussan da ɗalibi ya ci, wajen 120, kuma ɗalibin da ya shiga da bizar karatu ta F-1 ba ya samun tallafin gwamnatin tarayyarsu irin su Pell Grant. A jami'ar jiha ma kuɗin baƙo zai biya, wanda ya fi na ɗan jiha nesa ba kusa ba. Bambancin sai an gama karatu yake fitowa.

Babban abin da nake so ka duba shi ne izinin aiki. Ɗalibin waje da ya kammala digiri yana samun wata 12 na aiki a tsarin da ake kira OPT. Idan fanninsa yana cikin jerin STEM, wato kimiyya da fasaha da injiniyanci da lissafi, ana ƙara masa wata 24, ya zama 36. Ba sunan kwas ake dubawa ba, wata lamba ce mai alƙaluma shida da ke shafin farko na takardar I-20 da jami'a ke ba ɗalibin waje, daidai gurbin da aka rubuta fannin karatu. Ta kimiyyar kwamfuta 11.0701 ce, tana cikin jerin. Dangin haɗa fannoni kuwa da 30 suke farawa. Wasunsu suna ciki, kamar kimiyyar sarrafa bayanai mai lamba 30.7001, amma irin wanda ɗalibi ke haɗa wa kansa darussa galibi ba ya ciki. Ka lissafa albashin shekara biyu da dala, ka juya shi zuwa naira. Wannan ne yaron zai iya rasawa da sa hannu a takarda guda. Ga kuma bizar aiki ta H-1B, wadda ake ba da sababbi 85,000 a shekara alhali masu nema sun fi haka yawa. Da ƙuri'a ake raba ta, don haka mai izinin shekara uku zai gwada sa'arsa fiye da sau ɗaya, kuma sharaɗinta shi ne aikin ya buƙaci digiri a takamaiman fanni, abin da ke wahalar da mai digirin gama-gari.

Sai batun lasisi. Mai karatun jinya zai rubuta jarrabawar NCLEX, akanta zai nemi lasisin CPA, injiniya kuma ana duba ko hukumar tantance kwasa-kwasai ta ABET ta amince da kwas ɗinsa. Digirin haɗa fannoni shi kaɗai ba ya buɗe waɗannan ƙofofi. In ya dawo gida ma, sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja ta tantance takardarsa kafin bautar ƙasa, sannan tallan aiki a nan da sunan fanni ake rubuta shi. Mai ɗaukar ma'aikata zai juya takardar ya ce, "To, wai me ka karanta ne?"

Amma kada a yi wa digirin rashin adalci, akwai wanda ya fi masa komai riba. Na san wani bawan Allah Bahaushen Gana a unguwar Bronx ta birnin New York, magidanci mai takardar zama, yana aiki a ofishin wani asibiti. Shekarun baya ya taɓa karatun jinya ya bari, ya taɓa na kasuwanci ya bari, kiredit ɗinsa a warwatse a makarantu biyu. Ƙarin girma a wurin aikinsa digiri kawai ake nema, ko na mene ne. Da ya je neman fanni guda aka zubar masa da darussa da yawa, da ya juya zuwa haɗa fannoni aka karɓi kusan duka. Ranar da ya nuna mini takardar sakamakonsa, duk ta sha ninki a aljihu, yana bin layukan da yatsa yana cewa, "Wannan ma sun ƙirga." Zango uku ya yi da daddare ya gama.

Haka wanda ya ƙudura wucewa makarantar lauyoyi a Amurka, inda ba a ƙayyade fannin digirin farko ba, bai yi asara ba. Za ka kuma ji ana misali da kwas ɗin falsafa da siyasa da tattalin arziki na Oxford, wanda aka fara a 1920, wanda Benazir Bhutto da David Cameron da Rishi Sunak suka yi. Gaskiya ne, sai dai a can sunan makarantar da mutanen da aka sani a cikinta suna taka rawa sosai, ƙaninka kuma ba ya cikin wannan hali.

Ni a ganina ya tsaya a kwamfuta, ya ɗauki kasuwancin a matsayin ƙaramin fanni, jami'o'insu sun yarda da haka. Ka kuma tambaye shi a hankali, ba da faɗa ba, ko lissafi ne ya sha masa kai. Yara da yawa kunya ke hana su faɗa, musamman in sun san an sayar da fili saboda su. In haka ne, akwai fannoni masu sauƙin lissafi da ke cikin jerin STEM. Kafin ya sa hannu a komai, ya shiga ofishin ɗaliban ƙasashen waje ya tambayi lambar da za a buga masa a sabuwar I-20, ya kuma duba shafin College Scorecard na ma'aikatar iliminsu ya ga abin da waɗanda suka gama kowane kwas a jami'arsa suke samu. Ka ce ya turo maka hoton abin da ya gani.